Gidajen Haɗa Layin Tarho na Birnin Hull da Matsalar Raɗa wa Baƙon Abu Suna

Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da ke jiran malamin Hausa a aji akwai bayyana abin da ɗalibansa ba su taɓa gani ba, cikin harshen da bai tanadi sunan abin ba tun asali. Sau da yawa malami kan garzaya ƙamus ya ɗauko fassarar kalma, alhali bai san aikin abin da kalmar take nufi ba. Wannan darasi zai ɗauki misali guda ya bi shi daki-daki, wato ginin da kamfanin tarho yake tara layukansa a ciki. An zaɓi kamfanin birnin Hull na ƙasar Ingila ne saboda ƙarami ne, yankinsa taƙaitacce, ana iya bin tarihin gine-ginensa tun daga ranar farko. Sai an san abin da ke cikin ginin sannan za a waiwayi sunan da ya dace da shi.

Dalilin Samuwar Ginin

Lokacin da Alexander Graham Bell ya yi rajistar tarho a Amurka a 1876, na'urori biyu ne kawai ake haɗawa da zaren waya guda. Wannan tsari ba ya ɗorewa idan jama'a suka yi yawa. Alal misali, in mutum 100 ne, kuma kowa yana son layinsa na kai tsaye zuwa ga kowa, sai an ja layi 4,950. Amma idan aka kai layin kowa wuri guda, aka zaunar da mai haɗa wannan da wancan, layi 100 ya wadatar. Wannan lissafi shi ne ya haifi ginin. An buɗe irinsa na farko na kasuwanci a garin New Haven na Amurka a 1878, da abokan hulɗa 21 kacal. Mai kira zai ɗaga tarho, afareta ta amsa, ya faɗi wanda yake nema, ita kuma ta soka igiya a ramin layin wancan a jikin allo.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa gida ɗaya ba ya isar gari. Murya takan raunana idan ta yi tafiya mai nisa a cikin zaren jan ƙarfe, ga shi kuma zaren yana da tsada. Saboda haka dole ginin ya zauna a tsakiyar unguwar da yake yi wa aiki, tazarar 'yan kilomitoci daga gidajen da ke gefe.

Yadda Hull ta Fita Daban

Hull birni ne na tashar jiragen ruwa a gaɓar kogin Humber, a yankin Yorkshire ta Gabas. A 1899 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar da ta ba hukumomin birane damar kafa tarho nasu na kansu, domin su yi gogayya da babban kamfani mai zaman kansa da ya mamaye harkar a lokacin. Birane shida ne suka kai ga kafawa: Glasgow da Tunbridge Wells da Swansea da Brighton da Portsmouth da kuma Hull. Biyar na farko duk sun sayar da nasu kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hull ce kaɗai ta riƙe.

Abin lura shi ne gidan haɗa layinta na farko, wanda aka buɗe ranar 28 ga Nuwamba, 1904, ba a gina shi don tarho ba. An kafa shi ne a ginin gidan wanka na jama'a da ke titin Trippett. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a zamanin afareta abin da ake bukata bai wuce ɗaki mai faɗi da haske da wurin jera kujeru gaban allo ba. A 1912 Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ta karɓe wancan babban kamfani, sannan a 1914 aka sabunta wa Hull lasisinta bisa sharaɗin ta sayi layukan da kamfanin ya bari a yankinta, a kan kuɗi fam 192,423. Daga nan birnin da kewayensa, har da garuruwa irin su Beverley da Cottingham da Hessle, suka zama tsibiri a tsakiyar tsarin tarho na ƙasa. Alamar da baƙo yake fara gani ita ce rumfunan tarho na bakin titi: a sauran Birtaniya ja ne, ɗauke da kambin sarauta, na Hull kuwa ruwan madara ne, kuma babu kambi, saboda ba mallakar Hukumar Gidan Waya ba ne.

Inji Shi ne Mai Tsara Gini

Siffar ginin ta sauya ne sa'ad da inji ya karɓi aikin afareta. Wanda ya fara ƙera injin haɗa layi da ya karɓu shi ne Almon Strowger, wani Ba'amurke mai sana'ar shirya jana'iza, wanda ya yi rajistarsa a 1891. Ana ba da labarin cewa zargin da yake yi wa wata afareta na karkatar da masu nemansa zuwa wurin abokin gogayyarsa ne ya tunzura shi. Hull ta buɗe gidanta na farko mai sarrafa kansa a 1922, da wani inji mai juyi, ta kuma fara girka irin na Strowger daga 1934. A shekarun 1960 ta koma sabuwar hedikwata, Telephone House, a titin Carr Lane.

Wanda ya shiga irin wannan gini zai tarar an tsara shi ne bisa hanyar da zaren waya yake bi. Manyan igiyoyi, kowace ɗauke da ɗaruruwan zare biyu-biyu, sukan shigo ta ƙarƙashin ƙasa zuwa wani ɗaki a can ƙasan ginin. Daga nan su hau zuwa wani dogon shingen ƙarfe, inda kowane layi na waje yake gamuwa da gurbinsa na ciki. A nan ne ma'aikaci yake jona sabon abokin hulɗa ko ya yanke wanda bai biya ba. Sai zauren injuna, mai dogon rufi saboda tsayin akwatunan, mai kaurin daɓe saboda nauyinsu. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar waɗannan injuna, domin ƙwaya ɗaya a bakin maɓalli tana iya sa layi ya yi ta shuu, don haka ake kaffa-kaffa da tagogi. Akwai kuma ɗakin batir da janareta. Daga wannan ɗaki ne ake tura wuta mai ƙarfin kimanin bolt 50 ta cikin zaren har zuwa tarhon da ke kan teburin mutum. Shi ya sa wayar girke ta da take aiki ko an ɗauke wutar gari. Duk wanda ya ga ginin daga waje ya ce ba shi da fasali, bai yi ƙarya ba, sai dai ba don idon mai wucewa aka gina shi ba.

A 1989 Hull ta kammala komawa tsarin dijital, inda kwamfuta ke haɗa layi. Aikin da a da yake cika zaure sai ya koma cikin 'yan akwatuna. Mallakar ma ta sauya: sashen ya zama kamfani a 1987, an sa hannun jarinsa a kasuwar Landan a 1999, hukumar birni ta sayar da ragowar kasonta a 2007, shekarar da aka soma kiransa KCOM, sannan kamfanin Macquarie ya saye shi a 2019. A wannan shekara ce kuma ya kammala shimfiɗa zaren gilashi a yankinsa. Shi zaren gilashi yana kai saƙo nesa ba tare da raunana ba, wato ya rushe dalilin da ya sa kowace unguwa take bukatar gidanta.

Wane Suna Ya Dace?

Kalmar da Turawan Birtaniya suke kiran ginin da ita tana nufin musaya. Mai gaggawa sai ya rubuta "gidan musayar waya". To amma ɗalibin da ya san kasuwar Farm Centre ta Kano zai ɗauka wurin da ake ba da tsohuwar salula a karɓi sabuwa ake nufi. Fassarar ta bi kalma, ta saki aiki. "Gidan waya" kuwa an riga an yi masa miji, domin Bahaushe ya ba ofishin wasiƙu wannan suna tun zamanin da ake aika saƙon tangarahu daga can.

Ita kanta kalmar "waya" darasi ce a fannin faɗaɗar ma'ana. Ta shigo a matsayin sunan zaren ƙarfe, ta koma saƙon da ke bi ta cikinsa, ta koma tarho, yau kuma ita ce na'urar aljihu wadda ba ta da zare ko kaɗan. Da wayar hannu ta yaɗu a Nijeriya daga 2001, sai aka koma bambanta tsohuwar da cewa wayar girke ko wayar tangaraho.

Sauran harsuna ma ba gefe ɗaya suka kalla ba. Amurkawa kan ce ofishin tsakiya, Faransawa kuma suna da kalma mai nufin cibiya, don haka mai fassara daga Faransanci a Nijar zai iya fitowa da "cibiyar tarho". Wannan ba laifi ba ne, sai dai "cibiya" ta sha aiki har ta fara dishewa, kusan kowace ma'aikata cibiya ce. "Gidan haɗa layi" ya fi zama daidai, saboda ya hau kan tsarin da harshen ya saba da shi, na harɗa "gida" da aikin da ake yi a ciki, kamar "gidan buga littattafai" da "gidan sayar da abinci". Ƙari a kan haka, sunan ya tsaya a kan abin da bai sauya ba daga afaretar titin Trippett zuwa kwamfutar 1989.

Auna Fahimta

1. Mutum 20 suna son layin kai tsaye tsakanin junansu. Layi nawa ake bukata, kuma nawa za a bukata idan akwai gidan haɗa layi?
2. Kawo kalmomin aro uku da ma'anarsu ta faɗaɗa irin ta "waya", tare da bayyana matakan faɗaɗar.
3. Tsara bayani na minti goma da za ka yi wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan dalilin da ya sa wayar girke take aiki bayan an ɗauke wuta, ba tare da sako kalmar Ingilishi ba.