Darasi: Nawa Injin Ɗumama Ɗaki Yake Ci?

A ƙasar Kurfai ɗari yakan kama daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu. Iskar hunturu tana biyo Dallol Boso da ƙura. Da asuba yara su takure, tsofaffi su matso bakin murhu. Mun saba jin ɗumi da karan hatsi, da itace, da gawayi a kasko. Yanzu kuma akwai wani ƙaramin inji mai shan gazuwal, wanda ake ƙerawa da yawa a ƙasar Sin. Asalinsa na direbobin manyan motoci ne na ƙasashen sanyi, masu kwana cikin mota. Kafin mutum ya saya, ya kamata ya san cinsa, domin ba sayen doki ke da wuya ba, harawarsa.

Yadda yake aiki

Wani ɗan famfo yana ɗiga mai cikin rufaffen akwatin ƙarfe, in ka kasa kunne za ka ji yana ƙas-ƙas. Man yana ci da wuta a ciki, ƙarfen ya yi zafi, fanka ta huro ɗumin zuwa ɗaki. Hayaƙi yana da nasa bututu dabam, wanda dole ne bakinsa ya kasance a waje.

Abu uku da yake ci

Na farko, mai. Ƙarami daga cikin irin waɗannan injina yana shan kamar kwatar lita a awa ɗaya in an buɗe shi duka. Babban yakan kai rabin lita.

Na biyu, batiri mai bolt 12, irin na mota. Lokacin tashi ne ya fi jan wuta. In babu lantarki ko faifan sola, kuɗin caji yana kanka.

Na uku, gyara. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska. Gurɓataccen mai yana kashe famfo. In kullum ana barinsa a ƙaramar wuta, kunkunniya takan cika cikinsa. Kada a cire batiri injin yana da zafi. A kashe shi, a jira fanka ta tsaya da kanta.

Mu yi lissafi

Gazuwal yana fitowa daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, kamfanin SONIDEP kuma ya rarraba shi. A watan Yuli na 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita daga sefa 668 zuwa 618. Filinge, nan ƙasar Kurfai, tana da nisan kamar kilomita 180 daga Yamai, kuma mai saye a kwalba cikin ƙauye yakan biya fiye da na gidan mai. Saboda haka ka tambayi farashin yau.

A ce magidanci ya kunna ƙaramin injin awa 4 kowane dare.
Kwatar lita sau 4 = lita 1 = sefa 618.
Dare 30: 618 × 30 = sefa 18,540, wato jika 18 da dala 108.
Wata 2: sefa 37,080.
Ban da caji, ban da gyara, ban da kuɗin saye.

Wa ya dace da shi?

Ɗarinmu gajere ne, kuma da hantsi ya ɗaga shi ke nan. Ga yawancin gidaje, toshe kafar taga, da rataya asabari ko tsohon bargo a ƙofa, da sa wa yara hula da safa, sun fi sauƙi nesa. Injin ya fi dacewa da ɗakin haihuwa, ko ɗakin renon ƴan tsaki, inda ɗumi ke tsare rai ko jari.

Gargaɗi

Duk abin da ke ci da wuta yana fitar da wata iska mai guba, wadda ba ta da wari ko launi. Kada a kwana da kaskon gawayi cikin rufaffen ɗaki. Kada a bar bututun inji yana yoyo. In mutanen ɗaki suka ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokaci ɗaya, a fitar da su waje nan take, a kai su likita.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa uku da injin yake ci.
2. In lita ta zama sefa 700, nawa za a kashe a dare 30?
3. Babban inji yana shan rabin lita a awa. Lita nawa zai sha a awa 6?
4. Nawa gidanku ke kashewa a itace ko gawayi cikin mako ɗaya? Rubuta, ka kwatanta da kuɗin gazuwal.