Duwatsun Gilgal: Darasi Domin Ranar Tunawa da Kafa Ikkilisiya

Karatu: Joshuwa 4:1-9 da 19-24, Mahukunta 2:6-10.
Ayar haddacewa: Joshuwa 4:24.

Maganar Fari

Ran 24 ga watan Satumba, 1842, wani mai-bishara, sunansa Thomas Birch Freeman, ya sauka a Badagry, a bakin teku yamma da Ikko. Daga wannan rana ce Ikkilisiyar Metodis ta Nijeriya ta ke ƙidaya shekarunta. Cikin 1992 ta cika shekara 150, cikin 2022 kuwa ta cika 180. Banda wannan babbar rana, ko wace jama'a tana da tata, watau ranar da aka fara taruwa domin sujada a garinsu.

Sa'ad da irin wannan rana ta kusato, ko a Minna ko a wani gari, mun san abin da a kan yi. A kan naɗa kwamiti, a ɗinka anko, a buga kalanda, a shafe bangon majami'a da fenti. Mawaƙa su yi ta koyon sababbin waƙoƙi, zumuntar mata su auno shinkafa. Ba mu ga laifin ko ɗaya cikin waɗannan ba, gama murna a gaban Ubangiji abu ne mai kyau. Amma akwai tambaya guda da ya kamata mu yi tun kafin ranar ta zo. Idan baƙi sun watse, an wanke tukwane, an mai da kujerun aro, mene ne zai saura a hannun 'ya'yanmu? Domin amsar wannan tambaya mu ka zaɓi labarin duwatsun Gilgal.

1. Inda Aka Ɗauko Duwatsun

Isra'ilawa sun iso bakin Urdun a lokacin kaka, sa'ad da kogin ya cika har ya yi ambaliya (3:15). Ba su da jirgi, ba kuwa gada. Firistoci masu ɗauke da akwatin alkawari su ka tsoma ƙafafunsu cikin ruwa, sai ruwan da ke gangarowa ya tsaya can nesa wajen wani gari mai suna Adam, jama'a duka su ka haye a kan busasshiyar ƙasa. Sa'an nan Ubangiji ya umarci Joshuwa ya zaɓi mutum goma sha biyu, ɗaya daga ko wace kabila, su ɗauko duwatsu goma sha biyu.

Mu lura da wurin da aka ce su ɗauko su. Ba a bakin gaci ba ne, inda kowa ya ke iya tsintar dutse ko wace rana. Daga tsakiyar kogi ne, daidai inda firistoci su ka tsaya. Duk wanda ya ga waɗannan duwatsu daga baya, ruwa ya goge su sumul, lalle ya san ba hannun mutum ne ya buɗe hanya zuwa wurin da su ke kwance ba. Ashe duwatsun shaida su ke yi a kan aikin Allah, ba a kan ƙarfin Isra'ila ba.

Kalmar Ibrananci da aka juya da "abin tunawa" a aya 7 ita ce zikkaron. Tushenta ɗaya ne da kalmar Larabci wadda Hausa ta aro ta zama zikiri. Wannan ya taimake mu ƙwarai. Tunawa irin ta Littafi Mai Tsarki ba ta tsaya cikin zuciya kaɗai ba, ta kan fito a baki. Wanda ya tuna, sai ya ambata.

Haka ya kamata mu duba asalinmu. Freeman bai zo Badagry bisa shirin kansa ba. Waɗansu Yarbawa ne, waɗanda aka kama bayi, aka ƙwato su a teku, aka sauke su a Saliyo, su ka karɓi bangaskiya a can, sa'an nan su ka komo ƙasarsu. Su ne su ka aika da roƙo a turo musu malami. Shi Freeman, an haife shi a Ingila cikin 1809, ubansa baƙar fata, uwarsa Baturiya, sana'arsa ta fari kuwa aikin lambu. Wanda ya zo tare da shi, William de Graft, mutumin Fante ne daga ƙasar da yanzu a ke kira Ghana, shi ne kuma aka bari da aikin a Badagry, shi da matarsa. Wane mai hikima ne zai zauna ya ce da 'yantattun bayi da mai aikin lambu za a kafa ikkilisiya? Cinikin bayi kogi ne mai zurfi wanda ya cinye mutane ba iyaka. Daga tsakiyar wannan kogi Allah ya ɗauko duwatsunmu na fari.

2. Masu Ɗaukar Duwatsun

Akwai abin mamaki a nan. Cikin Littafin Ƙidaya sura 13, sa'ad da Musa ya aiki mutum goma sha biyu su leƙo asirin ƙasar, an rubuta sunan ko wannensu da na ubansa. Duk da haka goma daga cikinsu su ka komo da labari mai karya zuciya. Amma waɗannan goma sha biyu na Urdun, waɗanda su ka yi biyayya, ba a faɗi sunan ko ɗaya ba. Abin da mu ka sani kaɗai, ko wanne ya saɓa dutsensa a kafaɗa, ya kai shi masauki.

Labarin Minna yana da irin waɗannan mutane da yawa. Ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. Abin da ya mai da ita babban gari shi ne hanyar jirgin ƙasa. Cikin 1907 aka fara shimfiɗa hanya daga Baro a bakin Kwara, ta bi ta Minna, ta kai Kano cikin 1911. A Minna kuma aka haɗa ta da hanyar da ta taso daga Ikko. Jirgi ya kawo akawuna, da kafintoci, da maƙera, da 'yan kasuwa daga kudu. A garuruwan hanyar jirgi, irin su Minna da Kaduna da Zariya da Kano, sau da yawa irin waɗannan baƙi ne su ka fara tara 'yan'uwansu ran Lahadi, tun ba su da fasto, ba su da gini. Sun tashi daga aiki a gajiye, su ka share ɗaki, su ka kunna fitila, su ka buɗe Littafi.

Wannan kuwa tsohon hali ne na Metodis. Cikin 1742, shekara ɗari daidai kafin saukar Freeman, bashi ya kama jama'ar John Wesley a birnin Bristol sabo da ɗakin taron da su ka gina. Wani daga cikinsu, Kyaftin Foy, ya ba da shawara kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya ko wane mako. Da aka ce waɗansu matalauta ne, ba za su iya ba, sai ya ce a haɗa shi da goma sha ɗaya daga cikin mafiya talauci, zai riƙa zagayawa wurinsu, wanda ya kasa shi zai biya masa. Aka rarraba jama'a ƙungiya ƙungiya, wajen mutum goma sha biyu a ko wace. Masu zagayawa karɓar kwabo su ka fara ganin wanda ba shi da lafiya, da wanda ya koma shan giya, da gidan da babu zaman lafiya. Daga nan taron aji ya samo asali. Yawancin shugabannin aji, tun daga Bristol har Minna, ba wanda ya rubuta sunayensu cikin littafin tarihi. Amma a kafaɗunsu aka ɗauko ikkilisiya.

Mu lura kuma, ba a ce kabilar Yahuza ta ɗauko duwatsun duka domin ta fi yawa ba. Har Ra'ubainu da Gad, waɗanda rabonsu ya ke a hayin gabas, an ba su nasu. Tun 1976 Minna ta zama babban birnin Jihar Neja, kabilu kuwa sun taru a cikinta. Idan a ranar biki harshe ɗaya kaɗai aka ji, kabila ɗaya kaɗai aka yaba, to, tarin duwatsunmu bai cika goma sha biyu ba. Bagwari da Banufe da Bahaushe da Bayarabe da Ibo, kowa yana da dutsen da zai kawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. Domin Wa Aka Kafa Su?

Mutanen da su ka haye Urdun ba su bukatar dutse ya tuna musu, gama da ƙafafunsu su ka taka ƙasan kogin. Sau biyu Joshuwa ya faɗi dalilin, a aya 6 da aya 21. Wata rana yara za su ga duwatsun, su tambayi iyayensu ma'anarsu, sa'an nan iyaye su ba su labari. Ba a danƙa wa firistoci wannan aiki ba, iyaye aka danƙa wa. Dutse ba shi da baki. Aikinsa ya ta da tambaya, aikin uba da uwa su amsa.

Aya 24 ta ƙara dalili biyu: domin dukan al'umman duniya su san ikon hannun Ubangiji, domin kuma jama'arsa su ji tsoronsa kullum. Watau tunawa tana duban waje, tana kuma duban gaba. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda mu ke cin kasuwa ɗaya da su, za su ji kiɗanmu ranar biki. Ya kamata abin da za su gani ya zama godiya da tawali'u, ba fahariya ba.

Yanzu mu juya zuwa Littafin Mahukunta, wanda juyin Hausa na 1932 ya kira Alƙalawa. Sura 2 aya 10 tana cikin ayoyi mafiya ban tausayi a Tsohon Alkawari. Bayan Joshuwa da dattawan zamaninsa sun rasu, wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuwa san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Ba a ce wani ya zo ya sace duwatsun ba. Abin da ya ɓace shi ne labarin. Ko dai yara sun daina tambaya, ko kuwa iyaye sun daina amsawa. Tsara ɗaya tak ta isa.

4. Ƙarshen Gilgal

A Gilgal aka kafa duwatsun, a nan Isra'ila su ka ci Idin Ƙetarewa na fari cikin ƙasar alkawari, a nan kuma aka tabbatar wa Saul sarauta. Amma a Gilgal ɗin nan Saul ya yi rashin biyayya, mulki ya kuɓuce masa. Bayan ɗaruruwan shekaru annabi Amos ya yi wa masu zuwa Gilgal da hadayu ba'a, ya gargaɗe su su nemi Ubangiji, kada su nemi wurin (Amos 4:4, 5:4-5). Jama'a ba su daina taruwa a can ba, baiko kuma bai ragu ba. Amma suna zaluntar matalauta, suna karɓar hanci a wurin shari'a. Wurin tunawa ya zama wurin zunubi.

Kada mu ce wannan ba zai same mu ba. Ikkilisiyar Metodis ta Nijeriya ta sami mulkin kanta ran 28 ga Satumba, 1962, da murna mai yawa. Cikin 1976 aka kawo sabon tsarin shugabanci, gardama ta tashi a kansa, ikkilisiya ta rabu biyu, har 'yan'uwa su ka kai juna gaban alƙali. Sai cikin 1990 aka sulhunta. Wannan ma dutse ne, kada mu ɓoye shi. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Saul ba. Yaron da aka gaya masa nasara kaɗai zai yi zaton kakanninsa ba su taɓa bukatar gafara ba. Wanda aka gaya masa faɗuwa da tashi, shi zai san jinƙan Allah ne ya riƙe ikkilisiya.

Kammalawa

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Gaskiya ne, amma mai waiwaye tafiya ya ke yi, bai zauna ba. Isra'ila ba su daɗe a gindin duwatsun ba, gama Yariko tana gabansu. Cikin 1755 John Wesley ya tara jama'arsa a London domin su sabunta alkawarinsu da Allah, har yau kuwa Metodis su kan yi wannan sujada a farkon shekara. Muna ba da shawara ranar tunawa ta zama haka. A yi murna, a ci, a sha. Amma kafin a yanka shanu, a tabbata ko wane yaro a makarantar Lahadi ya iya faɗin yadda bishara ta zo garinsu, da abin da Ubangiji ya yi wa gidansu.

Tambayoyi

1. Don me aka ɗauko duwatsun daga tsakiyar kogi, ba daga gaci ba?
2. Me mu ka koya daga rashin sunayen mutanen nan goma sha biyu?
3. Bisa ga Joshuwa 4:21-24, wa ke da hakkin amsa tambayar yara?
4. Mene ne ya ɓata sujadar Gilgal a zamanin Amos? Akwai irinsa a cikinmu?
5. Akwai wata kabila ko wani gida cikin jama'armu da mu kan manta da su ranar biki?

Aikin Mako

Ko wane aji ya aiki matasa biyu wurin wanda ya fi tsufa cikin jama'a, namiji ko mace. Su tambaye shi inda aka fara taruwa, da waɗanda su ka fara, da wahalar da aka sha. Su rubuta abin da su ka ji, a karanta shi a gaban jama'a ranar biki, sa'an nan a ajiye shi wurin magatakardan ikkilisiya. Kada a jinkirta, gama tsofaffi ba za su jira mu ba.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah na kakanninmu, kai ne ka bishe su ta wurin da babu hanya. Mun gode maka sabo da waɗanda mu ka san sunayensu, da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka gafarta mana rarrabuwarmu da mantuwarmu. Ka buɗe bakin iyaye, ka buɗe kunnen 'ya'ya, domin kada wata tsara ta taso a cikinmu wadda ba ta san ka ba. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.