Kalmar sirri kaɗai ba ta tsare kwamfuta

In za ka tashi daga gaban kwamfutarka, ko da alwala za ka yi, danna maɓallin Windows da L tare, ta kulle. Wannan ya ishi yaro mai ƙiriniya.

Amma gwani ba ruwansa da kalmar sirrinka. Filashi zai soka ya tayar da na'urar da wata manhaja, ko ya kwance ma'ajiyar bayanan ya jona a wata kwamfutar. Maganinsa BitLocker, ko FileVault a Mac, masu kulle bayanan da kansu. Ka kuma sa wa BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfutar, kalmar sirri, ka hana tashi daga filashi. Mabuɗin ceton BitLocker mai lambobi 48 kuwa, wanda za ka buɗe bayanan da shi in sun kulle maka, rubuta shi a takarda, kada ka ajiye ta cikin jakar kwamfutar.