OLSA BA YUNWA KE KAWO TA BA: DARASI A KAN CIKI DA HANJI



'Yan uwa, duk lokacin da azumi ya gabato akwai tambayar da ba ta fashi, daga Bagudo har Illo, Lolo, Ka'oje da Tsamiya, har 'yan uwanmu na tsallaken iyaka can Segbana: "Malam, olsa gare ni, ko zan iya shan azumi?" Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yi wa abu hukunci sai an san shi. To mu fara sanin cikin tukuna. Ni ba likita ba ne, abin da zan kawo sanannen ilimi ne a wurin likitoci.

Ɗauki loma ɗaya ta tuwon shinkafa da miyar kifi. Aikin narkewa tun a baki yake farawa: haƙori ya niƙa, miyau ya jiƙa, kuma a cikin miyau akwai sinadarin da ke fara mayar da sitaci sukari. Shi ya sa idan ka daɗe kana tauna gurasa za ka ji ta fara zaƙi. Wanda ke haɗiye loma ba tauna ya ɗora wa tumbi aikin haƙori, alhali tumbi ba shi da haƙori. Daga nan lomar ta bi bututun abinci ta faɗa tumbi, wanda Larabawa ke kira al-ma'ida, inda za ta yi kamar awa 2 zuwa 4 ana dama ta da ruwan asid mai ƙarfi har ta koma kamar kunu. Sai ta wuce ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6 a naɗe cikin cikinka. A can hanta ke aiko da ruwan ɗacin da take ajiyewa a matsarmama, wannan 'yar jakar da mahauci ke cirewa a hankali don kar ta fashe ta ɓata nama, kuma shi ke farfasa maiƙo. A ƙaramin hanji ne jini ke tsotse amfanin abinci. Abin da ya rage ya tafi babban hanji, kusan mita ɗaya da rabi, a tsane ruwansa, saura ya fita.

Wurin da nake so mu tsaya shi ne tumbi. Asid ɗin da ke cikinsa yana narkar da nama, to me ya hana shi cin tumbin, alhali shi ma nama ne? Allah ya shafe bangonsa da wani yauƙi mai kauri, kamar yadda ake yaɓe ɗaki kafin damina. Muddin yaɓen nan yana nan, asid ba ya taɓa naman. Idan ya zaizaye a wani wuri, asid ya samu hanya ya yi gyambo, a tumbi ko a bakin ƙaramin hanji. Wannan gyambon shi ne olsa.

Me ke zaizaye shi? Mu dai abin da muka taso muna ji shi ne yunwa da barkono da yawan tunani. Likitocin duniya ma sun daɗe a kan irin wannan zato, sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai iya rayuwa cikin asid ɗin tumbi, wadda yanzu ake kira Helikobakta failori. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ƙwayar da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura cikin 'yan kwanaki. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Yunwa tana tayar da zafin gyambon da yake nan, saboda asid ya tarar da tumbi ba kowa sai gyambon. Barkono ma haka. Amma ba su ne suka haƙa shi ba.

Ita wannan ƙwaya galibi tun yarinta ake ɗaukarta, ta miyau, ko ta ruwa da abincin da bahaya ya taɓa. Mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su taɓa ciwo ba, wasu kuma ta yi musu gyambo, kaɗan daga cikinsu har ta kai ga kansar tumbi. A nan maganar ta zo gida. Mu mutanen bakin Kwara ne, a kogin nan ake wanki, ake shayar da dabba, wasu ƙauyuka daga nan suke sha. Idan ambaliya ta zo, irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, ruwa ya kwashe abin da ke bayan gari ya zuba a rijiyoyin da ba su da murfi. Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'azu bin Jabal hanin Annabi (SAW) ga yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke zama. Mun karanta wannan a babin tsarki muka wuce, alhali babin lafiyar ciki ne kuma. Haka kwanon wanke hannu guda da ake zagayawa da shi a walima, mutum goma su tsoma: na ƙarshe wallahi bai wanke komai ba, ƙari ya yi. A zuba ruwa daga buta, a sa sabulu, musamman bayan an fito bayi. Tsarki da ruwa ya wadatar don sallah, amma hannun da ya yi tsarkin yana buƙatar sabulu kafin ya shiga kwano.

Sababi na biyu shi ya fi damuna, domin da kuɗinmu muke sayensa: maganin ciwon jiki. Manomin rani ya wuni a sunkuye cikin fadama, masunci ya kwana yana jan taru, ɗan kabu-kabu ya yi sawu uku a hanyar Tsamiya. Da yamma jiki ya yi tsami, sai a je wurin mai tebur a ce "ba ni haɗi na gajiya." A ƙulla masa ƙwaya huɗu ko biyar a leda ba suna. A cikin irin wannan haɗi ake samun diklofenak, ibufurofen, firoksikam ko asfirin, wani lokaci har da deksametason. Waɗannan magunguna suna kashe ciwo da gaske, amma suna rage sinadarin da ke sa tumbi ya yi yauƙin kariyarsa. Haɗa biyu daga cikinsu, ko sha kullum, ko sha ga wanda ya manyanta, duk suna ƙara haɗarin. Mutum na iya shekara a haka bai ji komai ba sai ranar da ya yi aman jini. Kuma magani a iyaka ba ya tambayar fasfo, yana shiga yana fita ta kowane ɓangare. A 2017 hukumomin Benin sun kai samame babbar kasuwar maganin bayan fage ta Kwatano saboda irin wannan. Duba lambar NAFDAC a kwali, kuma kar ka sha ƙwayar da ba ka san sunanta ba. Farasitamol bai cin bangon tumbi, amma shi ma idan aka wuce ƙa'ida hanta yake lalatawa.

Madara da ruwan kanwa da ake sha suna kwantar da zafi na ɗan lokaci ne kawai, madarar ma daga baya ƙara asid take sa a yi. Taba kuwa tana hana gyambon warkewa. Abin farin ciki, olsar da ƙwayar cuta ta kawo tana warkewa. Ana gwada bahaya ko numfashi, idan an same ta a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta iri biyu tare da mai rage asid irin omefurazol, kwana 10 zuwa 14. Sharaɗin shi ne a shanye duka. Wanda ya ji sauƙi a kwana na huɗu ya ajiye, ƙwayar za ta dawo da taurin kai.

Masu yawo da lasifika suna sayar da "maganin olsa sadidan" suna yawan jingina wa Annabi (SAW) maganar nan cewa tumbi shi ne gidan cuta. Ibnul Ƙayyim ya bayyana a Zadul Ma'ad cewa ba hadisi ba ce, maganar likitan Larabawa ce, Haris bin Kalada. Abin da ya zo a hadisi shi ne na Miƙdam bin Ma'adi Karib a Tirmizi, kan raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Zuma alheri ce, ba mai musu, amma wanda ke zubar da jini a ciki ba a zaunar da shi gida da kwalbar zuma.

Alamomin da ba a jira da su: aman jini ko amai mai kama da dusar kofi, bahaya baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya ƙage kamar katako, rama ba dalili, ko abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji. Wannan asibiti ne a ranar, ko da sai an kai Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato.

Yanzu mu koma ga azumi. Ba kowane ƙwannafi ne olsa ba, da yawa abin da ke damunsu cika ciki ne da buɗa-baki, a bi da soye-soye, a kwanta nan take, asid ya hau maƙogwaro. Wannan ya rage ci, ya bar awa 2 zuwa 3 tsakanin abinci da kwanciya, ya jinkirta sahur, ya yi azuminsa. Wanda kuma likita ya tabbatar gyambonsa ɗanye ne, ko ya taɓa zubar da jini, yana cikin marasa lafiyar da Suratul Baƙara ta yi wa rangwame: ya sha, ya yi magani, ya rama idan ya warke. Dagewa a wannan hali ba taƙawa ba ce. Wanda ke tsakani, ya je a gwada shi tun a Sha'aban, kwana 14 na magani sun isa su ƙare kafin a ga wata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.