Matafiyi da Cuta Mai Yaɗuwa

An gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi, an zuba a rumbu. Yanzu lokacin tafiye-tafiye ne. Samari za su kama hanyar ci-rani, wasu Kano, wasu Yamai, wasu Agadas. Ƴan kasuwa na ta zirga-zirga tsakanin Madarunfa, Ɗan Isa, Jibiya da Maraɗi. Waɗanda Allah ya kira kuma sun fara shirin zuwa Makka.

A wani ajin yaƙi da jahilci da muka ziyarta, wata dattijuwa ta yi mana tambaya. Ɗanta ne ya biya mata kujerar Makka. Ta ce: "Malam, ina murna, amma gabana na faɗuwa. An ce mutane a can kamar ƙasa. In na ɗauko wata cuta fa? In kuma na kawo wa jikokina?" Muka ce mata: "Inna, tambayarki tana kan hanya, kuma ba ke kaɗai ke da wannan damuwa ba." Shi ya sa muka keɓe darasin yau a kanta.

Tsoron yana da tushe

Gaskiya ne, taro da cunkoso suna taimakon cuta. Bari mu kawo misalai uku.

Na farko daga nesa yake. A ƙasashen masu arziki akwai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Mutane na biyan kuɗi su shiga, su yi kwanaki a kan teku, suna ci tare, suna kwana a ƙananan ɗakuna. A watan Fabrairu na shekarar 2020, cutar korona ta ɓulla a cikin wani irin wannan jirgi mai suna Diamond Princess. Aka tsare shi a tashar Yokohama ta ƙasar Japan, da mutum wajen 3,700 a ciki. Fiye da 700 suka kamu, fiye da 10 suka rasu. Kyan jirgin da tsadarsa ba su hana cuta ba, domin mutane da yawa suna shaƙar iska ɗaya a wuri rufaffe.

Na biyu ya shafi kakanninmu. A da, maniyyatan ƙasar Hausa da ƙafa suke tafiya, su ratsa Cadi da Sudan, sannan su shiga jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. A shekarar 1865 kwalara ta faɗa wa alhazai a Makka, ta kashe dubbai. Jiragen ruwan da suka kwaso masu komawa gida suka kai ta Masar, daga can ta shiga Turai.

Na uku a gidanmu ya faru. A watan Yuli na 2018 kwalara ta shigo gundumar Madarunfa. Marasa lafiya na farko daga yankin Jibiya suka zo neman magani. Kafin annobar ta lafa, fiye da mutum 3,800 sun kamu a Nijar, kusan 80 sun riga mu gidan gaskiya, kuma gundumarmu ce ta fi jin jiki. A 2021 cutar ta sake dawowa jihar Maraɗi. Wannan ba laifin mutanen wani gari ba ne. Mu da su dangi ne, kasuwarmu ɗaya, gulbinmu ɗaya. Yadda cuta ke zuwa mana daga can, haka take zuwa musu daga nan.

Ta ina cuta ke shiga?

Cuta mai yaɗuwa ƙwayoyi ne ke kawo ta. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin su. Ba sa tsalle su kama mutum haka kawai. Suna da ƙofofin da suke bi. Ga matafiyi, manyan ƙofofin biyu ne.

Ƙofa ta farko ita ce baki. Ta nan kwalara da sauran cututtukan zawo ke shiga. Ƙwayar cutar tana fita cikin bayan gida na mai ɗauke da ita. Daga nan ta shiga ruwan sha, ko ta hau hannu, ko ƙuda ya ɗora ta kan abinci.

Ƙofa ta biyu ita ce numfashi. Ta nan sanƙarau, ƙyanda, mura, tarin fuka da korona ke shiga. Idan mai cutar ya yi tari ko atishawa, ɗigon yawu da majina na bazuwa cikin iska, na kusa da shi ya shaƙa.

Akwai abin da ya kamata mu riƙe da kyau. Ba kowane mai ɗauke da ƙwayar cuta ke kwanciya ba. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaronsa yana yawonsa lafiya lau. Yawancin masu ɗauke da ƙwayar kwalara ma ba sa zawo, amma tana fita cikin bayan gidansu. Saboda haka ba a gane mai cuta da ido. Ƙyamar baƙo ko gudun wani fasinja ba ya kare kowa. Abin da ke kariya shi ne mu rufe ƙofofin nan biyu.

Kafin a tashi

Makiyayi mai hankali ba ya tafiya da garkensa sai an yi wa dabbobin allura. Haka ya kamata mu yi wa kanmu.

1. A je gidan likita tun da sauran lokaci, a faɗi inda za a je, a tambayi allurar rigakafin da ta dace. Allura ba ta fara aiki ranar da aka yi ta. Jiki na bukatar kwanaki kafin ya shirya.

2. Maniyyaci ya sani hukumomin Saudiyya suna neman shaidar allurar sanƙarau, wadda aka yi aƙalla kwana 10 kafin isa. Dokar tana da dalili: sanƙarau ya ɓarke tsakanin alhazai a 1987, ya sake ɓarkewa a 2000 da 2001, wasu kuma suka koma da shi ƙasashensu. Ana kuma neman shaidar allurar shawara ga ƴan Nijar. Ita sau ɗaya ake yin ta, ta isa har tsawon rai.

3. Kada wani ya ce an yi masa allurar sanƙarau tun tuni, ya wadatu. Ƙwayar sanƙarau iri-iri ce. Allurar da aka fara yi wa jama'a a Nijar a 2010 ta karya lagon iri ɗaya, amma a 2015 wani irin dabam ya ɓarke, ya kama dubban mutane. Ma'aikacin lafiya ne zai duba takarda ya faɗi abin da ya rage.

4. Kada a sayi takardar rigakafi ba tare da an yi allurar ba. Takarda na iya wucewa gaban ma'aikacin kan iyaka, amma ba ta tsare jiki. Wanda ya yi haka kansa ya cuta.

5. Mai tafiya da yaro ya tabbata an yi masa allurar ƙyanda, ya kuma riƙe katinsa.

6. A sa waɗannan cikin kaya: sabuni, buta, moɗar shan ruwa ta kanka, ƙullin garin gishiri da sukari na gidan likita, da takunkumin rufe hanci da baki. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya ɗauki maganin da zai ishe shi har ya dawo.

A kan hanya da masauki

Game da ƙofar baki, ga abin yi. A wanke hannu da ruwa da sabuni bayan an zaga, da kuma kafin a ci abinci. A zuba ruwan da buta. Kada kowa ya tsoma hannu cikin kwano ɗaya, domin na ƙarshe da dauɗar na farko yake wankewa. A sha ruwan da aka tafasa, ko wanda aka sa wa ƙwayar tsarkake ruwa. Ruwan tafki da na gulbi, ko ya yi garau a ido, ba a shan sa haka nan. Masu zuwa ziyarar waliyyai a bakin tafkin Madarunfa su kula da wannan. A tasha, a zaɓi abincin da aka sauke daga wuta yana tururi. A guji wanda ya daɗe a buɗe ƙuda na bi, da kwaɗon ɗanyen ganye, da fura ko kunun da ba a san ruwan da aka dama su da shi ba. Ɗan itacen da za ka ɓare da hannunka, kamar ayaba ko lemu, ya fi aminci.

Game da ƙofar numfashi kuwa, iska ita ce abokiyarmu. A buɗe tagar mota ko kaɗan ne. A masauki, kada a cunkushe cikin ɗaki ɗaya a rufe ƙofa da taga. Wannan ya fi muhimmanci lokacin hunturu da bazara, domin ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, kuma a lokacin ne sanƙarau ke tashi a ƙasarmu. Cikin cunkoso a sa takunkumi, musamman tsofaffi. Mai tari ya rufe bakinsa da ƙyalle ko da gwiwar hannu, kada ya tofar da majina inda mutane ke zaune.

Idan ciwo ya kama matafiyi

Kada a ɓoye. Sau da yawa mutum na yin shiru don kada a sauke shi daga mota, ko don kada tafiyarsa ta ɓaci. Wannan shirun na iya cin ransa, ya kuma jawo wa abokan tafiya.

Idan zawo ne kamar ruwan shinkafa, tare da amai, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Ana zuba ƙulli ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu ƙullin, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya. Ya riƙa kurɓa a kan hanyar zuwa gidan likita mafi kusa. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa a kwalara, kuma tana iya yin haka cikin awoyi kaɗan. Wanda aka kai da wuri kuwa, kusan kullum yana warkewa.

Idan zazzaɓi ne mai zafi, da ciwon kai mai tsanani, da wuya da ya sanƙare, a yi zaton sanƙarau. Ga jariri, maɗigarsa na iya kumbura. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya sayen ƙwayoyi wurin mai talla. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Bayan an dawo gida

Aiki bai ƙare ba don an sauka lafiya. Cuta kan ɓuya a jiki kafin ta bayyana. Kwalara na iya ɗaukar har kwana 5, sanƙarau har kwana 10, ƙyanda kuwa wajen mako biyu. Saboda haka wanda ya dawo ya lura da jikinsa. Ya wanke hannu kafin ya ɗauki yara ko ya sa hannu a akushi. In ya dawo da tari ko mura, ya ɗan nisanci jarirai da tsofaffi, ko da ƴan barka da zuwa sun cika gida. In ciwo ya taso, ya je gidan likita ya faɗi inda ya fito, domin wannan bayani na taimakon ma'aikacin lafiya ya gane cutar da wuri. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman ga wanda ya dawo daga ci-rani, a je a auna majina.

Wannan ita ce amsar da muka ba dattijuwar nan. Ba mu ce mata babu hatsari ba. Mun ce mata ta je a yi mata allura, ta riƙe sabuninta da butarta, ta kula da abin da za ta ci da wanda za ta sha, ta kuma faɗa da wuri in ta ji ba daidai ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne ƙofofi biyu ne cuta ke bi ta shiga jikin matafiyi?
2. Me ya sa ba a gane mai ɗauke da ƙwayar cuta da ido?
3. Kwana nawa kafin isa Makka ya kamata a yi allurar sanƙarau?
4. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari in babu ƙullin gidan likita?
5. Kowa ya rubuta a littafinsa abubuwa biyar da zai sa cikin kayansa a tafiyarsa ta gaba.