Sabunta Shafin Intanet Ba Tare da Ɓata Fasalinsa Ba

A da, idan ma'aikata tana da sanarwa, sai a buga ta da tafireta a manna a allon da ke bakin ƙofa. Idan akawu ya yi kuskure, takarda guda ce ta ɓaci, a yage ta a buga wata. Yanzu allon nan ya koma shafin intanet, wanda mutumin Sakkwato da na Kalaba ke dubawa a lokaci guda. Kuskure ƙanƙane a wurin yana iya ɓoye ranar rufe karɓar takardun neman aiki, ko ya hana shafin buɗewa sam. Idan kuwa shafin hukuma ya ƙi buɗewa, jama'a sukan faɗa hannun 'yan damfara masu shafukan jabu. Saboda haka wajibi ne duk ma'aikacin da aka damƙa wa wannan aiki ya san iyakarsa.

Yadda Shafi Yake

Kowane shafi kashi biyu ne. Akwai abin da ke ciki, watau rubutu da hotuna. Akwai kuma fasali, watau launi, da girman haruffa, da yadda aka jera kome. Sa'ad da Tim Berners-Lee ya ƙago tsarin shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN a 1989, da harshen HTML ake shirya shafi. A 1996 aka fito da ƙa'idar CSS domin a ware fasali a takarda dabam. Amfanin haka shi ne takardar fasali guda tana iya mulkin shafuka ɗaruruwa. Haɗarinsa kuwa, wanda ya canja layi ɗaya a cikinta ya canja dukan shafukan. Misalinsa kamar gida ne: mai shara yana da ikon ya jera kujeru yadda ya ga dama, amma ba ya taɓa ginshiƙi, wannan aikin magini ne.

An yi manhajoji irin su Drupal da Joomla da WordPress, wadda ta fito a 2003, domin ma'aikaci ya iya sa labari ba tare da ya kusanci takardar fasali ba.

Ƙa'idodin Aiki

1. A ajiye kwafi tukuna. Kafin a taɓa kome, a kwafe fayilolin shafin da rumbun bayanansa, a rubuta kwanan wata, a ajiye a wani wuri dabam. Kwafin da ke zaune a na'ura guda da shafin, tare za su salwanta.

2. A ba kowa izni gwargwadon aikinsa. A WordPress, mai matsayin edita yana rubutu yana gyarawa, amma ba shi da ikon canja fasali. Bai kyautu ma'aikata biyar su yi tarayya a kan kalmar sirri ta shugaban shafi ba, gama in ɓarna ta auku ba za a san mai ita ba.

3. Kada a kwaso rubutu kai tsaye daga Microsoft Word. Rubutun yakan zo da ɓoyayyun umarni na launi da girman harafi, su yi karo da fasalin shafin. A fara zuba shi a Notepad ya zama tsuransa, sa'an nan a ɗauka.

4. A lura da haruffa masu lanƙwasa. Idan shafi ba ya bisa tsarin UTF-8, ko kuwa salon haruffansa ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, sai mai karatu ya ga alamar tambaya ko ɗan akwati a gurbinsu. Wanda ya gudu wa wannan ya cire lanƙwasar, ya mai da ƙasa ta zama kasa.

5. A rage hoto kafin a sa shi. Hoton wayar hannu yakan kai megabait da dama. Yana nauyaya shafi, ya cinye kuɗin mai dubawa, wani lokaci ma ya ture rubutu gefe.

6. A gwada kafin a fitar. Ƙaramin gyara a dube shi da maɓallin dubawa. Babban gyara, kamar sabunta manhaja, a fara yinsa a shafin gwaji wanda jama'a ba sa gani. A duba a kwamfuta, a kuma duba a waya, domin da waya akasarin mutane ke shiga.

7. A yi gyara ɗaya-ɗaya, kuma ban da yammacin Juma'a, sa'ad da injiniya ya tashi sai Litinin.

Idan Ɓarna Ta Auku

Ma'aikaci ya dakata, kada ya shiga gyara a kan gyara. WordPress tana adana tsofaffin rubuce-rubucen kowane shafi, ana iya komawa ga na jiya. In abin ya wuce haka, a kira injiniya, a gaya masa gaskiyar abin da aka taɓa, a mayar da kwafin da aka ajiye. Ɓoye kuskure shi ke mai da aikin minti goma ya zama na kwana uku.

Har wa yau, alhakin shugaban sashe ne ya tanadi littafin da za a riƙa rubuta sunan mai gyara, da abin da ya gyara, da ranar, ya kuma soke iznin duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya. Jama'a sun amince cewa abin da suka gani a adireshi mai ƙarewa da .gov.ng maganar Gwamnati ce. Kiyaye wannan amana yana wuyan kowane ma'aikaci. Rigakafi ya fi magani.