Harshen Talla: Darasi Daga Wayoyin Lasifika Masu Tsada

A darasin adon harshe an koya mana cewa kambamar zulaƙe kayan aikin mawaƙi ne da maroƙi. Idan maroƙi ya kira ubangidansa giwa, babu wanda zai je ya leƙa bakinsa neman haure. Matsala tana tasowa ne idan aka kawo irin wannan harshe inda mai karatu yake jiran bayani na gaskiya, kuma zai fitar da kuɗinsa a kan abin da ya karanta. Wannan ɗan nazari zai duba misali ɗaya, wato yadda mujallun kayan sauti na Amurka suke yabon waya. Ba wayar tarho nake nufi ba. Wayar jan ƙarfe ce da take haɗa lasifika da na'urar ƙara ƙarfin sauti.

A da, mutane sukan yi amfani da wayar lantarki ta gama-gari. A shekarar 1979 Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a San Faransisko, yana sayar da waya mai kauri da ya ce tana gyara sauti. Wasu kamfanoni suka biyo baya, farashi ya yi ta hawa. A 2007 kamfanin Pear yana sayar da wayarsa mai suna Anjou, mai tsawon ƙafa 12, a kan dala 7,250.

To, me masu sharhi suke cewa game da irin waɗannan wayoyi? Sukan ce sauti ya yi "ɗumi", ko ya sami "iska", ko kuma "an yaye labule" tsakanin mai sauraro da makaɗa. Wani ma ya ce wayar Anjou tana sa mutum rawa. Ɗalibin harshe zai gane nan take cewa an aro kalmomin taɓawa da na gani an jingina su ga ji. Mu ma muna yin haka a Hausa, tunda mukan ce murya mai zaƙi ko murya mai kauri. Bambancin shi ne, idan na ce muryar wance ta fi zaƙi, ra'ayina na faɗa, kowa ya san haka. Amma mai sharhi yana faɗar nasa ne kamar sakamakon awo, alhali babu ma'aunin "ɗumi", saboda haka babu hanyar da za a ƙaryata shi. A ganina dabarar ke nan.

Ba a ce waya ba ta da tasiri sam ba. Idan ta cika siriri kuma ta yi tsawo, turjiyarta ga lantarki tana ƙaruwa, sauti ya ragu. Mujallar Stereo Review ta gwada wannan a 1983, inda masu sauraro ba su san wayar da aka haɗa ba. Sun iya gane siririyar waya, amma da aka sa kiɗa, ya yi musu wuya su bambance ta Monster da wayar lantarki mai matsakaicin kauri. Ashe kauri da tsawo ne suke aiki, kuma jan ƙarfe mai kauri ba ya kai dubban daloli.

A 2007 ɗin nan James Randi, tsohon mai wasan dabo da ya shahara wajen tona asirin 'yan damfara, ya ce zai ba da dala miliyan 1 ga wanda ya iya bambance wayar Anjou da ta Monster da kunne kawai. Michael Fremer na mujallar Stereophile ya nuna zai shiga, kamfanin Pear ya janye, aka yi ta cacar baki, gwajin bai yiwu ba. A wannan shekara kuma J. Gordon Holt, wanda ya kafa Stereophile a 1962, ya koka cewa harkar ta zubar da mutuncinta ne tun da ta ƙi yarda da irin wannan gwaji.

Ban ce duk mai sharhi maƙaryaci ba ne. Wanda ya san wayar dala dubu bakwai aka haɗa masa, kunnensa zai ji abin da zuciyarsa take jira. Sai dai kada mu manta cewa kamfanonin da ake yaba wa kayansu su ne suke sayen shafukan talla a mujallun, kuma sau da yawa su suke ba da aron kayan da za a yi sharhi a kai.

Ga ɗan aiki ga 'yan aji ɗaya da biyu. Ku samo tallar Hausa guda ɗaya ta rediyo, ko ta sabulu ko ta maganin gargajiya, ku rubuta ta yadda aka faɗe ta. Ku ja layi ƙarƙashin kowace sifa, sannan ku ware waɗanda za a iya aunawa ko gwadawa daga waɗanda ba za a iya ba. Ku ƙirga kowane kashi, ku kawo wa kwamitin mujalla kafin fitowa ta gaba.